'Yan benci: Abin da ɗan Zariya ya hango a Toronto, mu muna kallon danki

A majalisarmu ta bakin teburin mai shayi a Gwadangaji, ƙwallon ƙafa ce sarauniya. Amma 'yan shekarun nan ƙwallon kwando ta fara kutsowa, kuma ta waya ta shigo. Wasannin NBA sai tsakar dare ake buga su a agogonmu, ƙarfe ɗaya, biyu, wani lokaci har gab da asuba, don haka kaɗan ne cikinmu ke kallon wasa daga farko zuwa ƙarshe. Abin da ke iso mana da safe shi ne guntayen bidiyo na daƙiƙa talatin a TikTok da Facebook: wane ya yi tsalle ya danƙara ƙwallo a kwando, wane ya jefa daga tsakiyar fili. A kan waɗannan guntayen muke musu, a kansu muke yanke wa ƙungiya hukunci.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan, wani ƙanen abokina ne. Dogon yaro, ɗan shekara 17, kullum da yamma yana hawa kabu-kabu zuwa cikin Birnin Kebbi wurin atisaye. Kwanaki ya ce shi ya haƙura. Dalili? Duk wasan da za su yi, ba a farawa da shi. Sai an ci rabin zango na biyu koci zai waiwayo ya yafuto shi, ya buga minti biyar ko shida a mayar da shi. Abokansa har sun laƙaba masa "mai gadin benci". A ganinsa, wanda ba a fara da shi ba, an gama gaya masa bai iya ba.

Wannan tunanin daga ƙwallon ƙafa muka kwaso shi, kuma bai dace da ƙwallon kwando ba. A ƙwallon ƙafa canji biyar ne, wanda aka fitar kuma ya fita ke nan. A kwando ba iyaka: a fitar da kai, ka sha ruwa, a mayar da kai sau nawa koci ya ga dama. Ga kuma ɗan lissafi. A dokar FIBA, wadda ake bi a gasannin Najeriya, wasa minti 40 ne, mutum biyar a fili. Ke nan akwai minti 200 da za a raba wa 'yan wasa 12. Ko kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin farko ya buga minti 30, saura minti 50 na jiran 'yan benci, wato kashi ɗaya bisa huɗu na wasan. A NBA minti 48 ne, jimla 240, ga wasanni 82 a kaka ɗaya kafin a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Sannan ga dokar keta: ka yi biyar a FIBA, ko shida a NBA, ka fita sai wani wasan. Tauraronka zai iya kwasar keta uku tun kafin hutun rabin lokaci. To wa zai riƙe maka gida?

Mu 'yan Najeriya ma mun taɓa ɗanɗana kuɗarmu a hannun ɗan benci. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, Amurka ta lallasa D'Tigers da ci 156 da 73. Wanda ya fi yi mana ɓarna a daren, Carmelo Anthony, ba a fara wasan da shi ba. Daga benci ya taso ya zuba maki 37 cikin minti 14 da 'yan kai. Shekara tara bayan nan, ranar 10 ga Yulin 2021 a Las Vegas, Najeriya ta rama a wasan sada zumunta da ci 90 da 87, karon farko da wata ƙasar Afirka ta doke Amurka. Kowa na tuna maki 21 na Gabe Vincent. Amma Caleb Agada, wanda ko a NBA ba ya wasa, ya ƙara 17, kuma ba don su ba da labarin ya sha bamban.

Sai dai misalin da na fi so in ba ƙanen abokina na wani mutum ne da ya tashi a nan Arewa. Masai Ujiri a Ingila aka haife shi a 1970, amma a Zariya ya girma, a can ya fara ƙwallon kwando a hannun wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda 'yan wasan Zariya suka fi sani da OBJ. Ujiri bai taɓa buga wasa a NBA ba. Da aikin farautar 'yan wasa ya shiga, yana yawo ƙasa-ƙasa yana kallon yaran da ba wanda ya san su. Daga nan ya hau har ya zama gwarzon jami'in gudanarwa na NBA a 2013 yana Denver, a shekarar kuma ya koma Toronto Raptors ta Kanada, inda ya riƙe ragamar ƙungiyar har 2025.

Toronto ba gari ba ne da manyan taurarin Amurka ke rububin zuwa. Ga sanyi, ga haraji, ga shi wata ƙasa ce daban. Tun da ba zai iya sayen shanu manya ba, sai Ujiri da mutanensa suka koma kiwon maruƙa. A zaɓen sabbin 'yan wasa na 2016, sun ɗauki wani ɗan Kamaru daga Douala, Pascal Siakam, a lamba ta 27, yaron da bai fara kwando da gaske ba sai da ya kusa gama sakandare. A shekarar kuma suka ɗauko Fred VanVleet, wanda aka kira sunaye 60 a zaɓen ba a kira nasa ba, saboda ana ganin ya yi gajarta. Dukansu biyu an riƙa tura su ƙaramar ƙungiyar Toronto, Raptors 905, su buga wasa maimakon su yi ta ɗumama kujera. A 2017 ƙaramar ƙungiyar ta ci kofin rukuninta, Siakam ne gwarzon wasan ƙarshe.

Kakar 2017/2018 ce ta fito da su. Koci kan fitar da biyar ɗin farko, ya zuba wasu biyar tare: VanVleet, Siakam, Delon Wright, Jakob Poeltl da C.J. Miles. Sau tari za su karɓi wasa ana kunnen doki, su mayar da shi ana gaba da tazara. Toronto ta ci wasa 59, ta zo ta ɗaya a shiyyar Gabas. Amma ka duba makin Siakam a kakar: bakwai da ɗoriya a kowane wasa. VanVleet bai kai tara ba. Da guntun bidiyo ko jerin masu yawan maki ne ma'auninka, ba za ka ko tsaya a kansu ba.

Kada kuma a ce na ɓoye ɓangaren da bai yi daɗi ba. Da aka shiga sili-ɗaya-ƙwale, LeBron James da Cleveland suka share su wasa huɗu ba ko ɗaya. A irin wannan matakin manyan taurari kan buga minti 40 ko fiye, don haka 'yan bencinka ba 'yan bencin wasu suke fuskanta ba, da zakunan suke arangama. Benci mai kyau zai kai ka bakin kogi, amma shi kaɗai ba ya haye da kai. Duk mai gaya maka zurfin benci ya fi tauraro, bai kalli wannan karawar ba.

Abin da Ujiri ya yi bayan nan shi ne darasin. Bencin nan ya amfane shi ta hanya uku. Wasu ya mayar da su kuɗin ciniki: a Yulin 2018 ya haɗa Poeltl da babban tauraron ƙungiyar DeMar DeRozan ya karɓo Kawhi Leonard da Danny Green daga San Antonio, a Fabrairun 2019 kuma Wright da Miles suka shiga cinikin da ya kawo Marc Gasol. Siakam ya tashi daga benci ya shiga biyar ɗin farko, makinsa ya haura zuwa kusan 17, aka ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa ci gaba. VanVleet kuwa aka bar shi a benci, nan ne amfaninsa. Kawhi ya huta wasa 22 a kakar don lallaɓa jikinsa, Toronto ta ci 17 daga ciki.

Shi VanVleet ɗin ma sai da ya sha zagi. A karawarsu da Philadelphia kamar an ɗaure masa hannu, jifa ba ya shiga, magoya baya na ta kiran a daina sa shi. Koci Nick Nurse bai daina ba. A wasanni uku na ƙarshe da Milwaukee ya jefa mai maki uku sau 17, 14 suka shiga. Ranar 13 ga Yunin 2019, a wasa na shida da Golden State, ya taso daga benci ya ci maki 22, 12 daga ciki a zangon ƙarshe, ban da wahalar da ya ba Stephen Curry wurin tsaro. Aka tashi 114 da 110, Toronto ta ɗauki kofinta na farko. A duk ƙungiyar babu ko mutum ɗaya da aka ɗauka cikin 14 na farko a shekarar zaɓensa. A 2023 Houston ta ba VanVleet, yaron nan da aka tsallake, kwantiragin shekara uku na kusan dala miliyan 130.

To me masu irin idon Ujiri ke dubawa, tun da ba maki ba ne? Ni abin da na fara koya shi ne kallon allo sau biyu: lokacin da ɗan benci ya shiga da lokacin da ya fita. In ya shigo kuna gaba da shida, ya fita kuna gaba da takwas, ya yi aikinsa ko da bai jefa ko ɗaya ba. A takardar sakamakon NBA akwai wannan lissafin, shi ne layin da ke da alamar ƙari da ragi a ƙarshe. Amma a yi hattara da shi, wasa ɗaya ba ya isa shaida, domin wani albarkacin abokan wasansa yake ci. Sai ka bi shi wasa goma, ashirin.

Sannan tsaro. Ɗan benci da ba ya iya tare mutum, abokan hamayya kansa za su yi ta bi har koci ya gaji ya cire shi, komai iya jifarsa. Siakam ya samu mintuna ne saboda yana iya tsare dogo ya tsare gajere, ga gudu kamar an koro shi. Akwai kuma tambayar da na fi so: wane abu guda ya iya wanda za a dogara da shi kowace rana? Ba a neman ɗan benci ya iya komai. Wani jifa daga kusurwa, wani cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando, wani kawai ba ya zubar da ƙwallo in an matsa masa. Shekaru ma abin dubawa ne: maki bakwai a hannun ɗan shekara 23 da ya fara wasa jiya-jiya ba ɗaya suke da maki bakwai a hannun ɗan 33 ba. Na ƙarshe kuma ba a rubuta shi a takarda. Mutum ya zauna minti 20 jikinsa ya yi sanyi, a kira shi ya shiga ya kama aiki nan take, ba fushi, ba neman burge 'yan kallo. Wallahi wannan ya fi danki wuya.

In muka dawo gida, lamarin ya fi tsanani. Kano Pillars ta kwando, ba ta ƙwallon ƙafa ba, ta yi zamaninta: ta ci gasar Najeriya a 2013, 2014, 2016 da 2017, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016. A tsarin gasarmu, yawanci tara ƙungiyoyi ake yi a gari ɗaya a yi ta buga wasa kusan kullum har a gama. Ƙungiyar da ta dogara da mutum shida, zuwa rana ta huɗu ƙafafunta sun mutu. Amma tun rikicin shugabancin hukumar NBBF da ya ɓarke a 2017, gasar cikin gida ta yi ta tangal-tangal, wata kakar a gajarce, wata a makare. Idan wasannin shekara ba su da yawa, kowane wasa ya zama na mutuwa ko rayuwa, koci kuma ba zai yi kasadar sa yaro ɗan 19 ya koyi aiki ba. Toronto na da ƙaramar ƙungiyar da za ta tura Siakam ya yi kuskurensa a can. Yaronmu na Kano ko Gombe ko Minna ina za a tura shi? Yanzu tikitin gasar BAL ta Afirka, wadda aka fara a 2021, ya fi zuwa hannun irin su Rivers Hoopers ta Fatakwal, wadda ta zo ta uku a 2024. Arewa kuwa ba dogayen yara muka rasa ba. Ka je kasuwar Argungu ko ka tsaya bakin makarantar sakandare a tashi, ka ƙirga.

Duk wannan na zauna na karanta wa ƙanen abokina, har shayinmu ya huce. Na ce masa a wasa na gaba ya bar ƙirga makinsa, ya sa wani ya rubuta masa abu uku: ci nawa ne da ya shiga, ci nawa ne da ya fita, sau nawa mutumin da yake tsaro ya wuce shi. Bai ce mini e ko a'a ba, dariya kawai ya yi ya ce ni ma ai a benci nake sharhi. Amma shekaranjiya da La'asar na hango shi bakin titi da takalmansa a rataye a wuya, yana tsayar da ɗan kabu-kabu.