Robar kardan: abin da ke sa take yagewa a kai a kai a motocin da ake kaiwa filin tsere

A ƙasashen Turai akwai ranakun da ake buɗe filayen tseren motoci ga jama'ar gari, kowa ya shiga da motarsa ya gwada gudunta ba tare da tsoron jandarma ba. Filin Nürburgring na Jamus, wanda zagayensa na arewa ya haura kilomita 20, da filayen Paul Ricard da Magny-Cours na Faransa, suna cikin waɗanda suka yi fice. Motoci irin su Renault Mégane RS, Honda Civic Type R da Porsche 911 ne suka fi cika wuraren. Sai dai da yawa daga cikin masu wannan sha'awa na komawa gida da matsala iri ɗaya: baƙin giris ya fantsame cikin taya, robar kardan ta yage. A sauya ta, a koma fili, ta sake yagewa.

Matsalar ta shafi matasanmu da ke aiki a garejojin Turai, ta kuma shafi direban tasi a Yamai ko Maraɗi, domin robar iri ɗaya ce, dalilan mutuwarta ma kusan ɗaya ne.

Mene ne aikin robar?

Kardan shi ne sandar ƙarfen da ke ɗauko ƙarfin inji daga akwatin giya zuwa taya. A kowane bakinsa akwai gaɓa da ke ba shi damar juyawa ko da taya ta karkata ko tana hawa da sauka. Gaɓar da ke kusa da taya yawanci irin wadda injiniyan kamfanin Ford, Alfred Rzeppa, ya ƙirƙiro ce a shekarun 1920, mai ƙwallayen ƙarfe shida a cikin keji, kuma tana iya lanƙwasawa har fiye da digiri 40. Wadda ke kusa da akwatin giya kuwa a motoci da yawa mai ƙafa uku ce, tana shiga tana fita don tsawon sandar ya dace da motsin mota.

Gaɓoɓin nan ba sa rayuwa sai da giris. Robar da kanikawan Nijar ke kira sufle, mai ninki-ninki kamar zugazugin maƙera, ita ke riƙe giris a ciki ta hana ƙura da ruwa shiga. Zobba biyu na ƙarfe, wato kolye, ke ɗaure ta, babba da ƙarami. Idan ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, cikin ɗan lokaci gaɓar ta cinye kanta. Daga nan kuɗin gyara ya tashi daga na roba zuwa na kardan sukutum.

Akwai kuma haɗari. Giris da ya faɗa kan faifan birki na rage kamun birki, wanda ya zuba a kan kwalta kuma na iya sa motar da ke biye ta zame. A Faransa da Ingila, yagaggiyar roba na cikin manyan laifukan da ke hana mota cin jarrabawar binciken lafiyar ababen hawa.

Abin da filin tsere ke ƙarawa

Abu na farko shi ne gudu. Tayar motar wasanni tana cin kusan mita biyu a kowane juyi. A gudun kilomita 200 cikin awa, kardan na juyawa sau 1,600 zuwa 1,700 a minti guda. Ƙarfin da ke wurga giris waje kuwa yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu. Shi ya sa robar da ta yi shekaru lafiya a cikin gari take kumbura kamar balan-balan a miƙaƙƙen layin fili, har ta taɓa wani ƙarfe da ke kusa ya yanke ta.

Na biyu zafi. A fili faifan birki na iya haura digiri 500, kuma robar waje tana dab da shi. Ta ciki kuma a motoci da yawa maƙwabciyar bututun salansa ce. Baƙar robar da aka saba, ta neoprene, ba ta jure zafin da ya wuce digiri 100 da ɗoriya na dogon lokaci. Sai ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage. Zafin kuma yana narkar da giris ya koma kamar mai, yana buɗa iskar da ke kulle a ciki ta matsa wa robar.

Na uku kusurwa. Masu zuwa fili na son rage tsayin mota don ta kama ƙasa a kwana. Da an sauke mota, kardan ya bar kusurwar da kamfani ya tsara masa, ninkin robar ya riƙa gugar juna a kowane juyi. Robobin da inji ke zaune a kansu idan sun mutu, su ma suna barin inji da akwatin giya su riƙa jijjiga, su ja robar ciki fiye da ƙima.

Tsohuwar roba ita ce shaida

Kuskuren da ake yawan yi a gareji shi ne a cire yagaggiyar roba a jefar, a sa sabuwa. Gogaggen bakanike sai ya wanke ta ya duba, domin wurin da ta yage shi ke nuna mai laifi.

Idan yagewar tana cikin kwarin ninki, kuma gefen ninkin ya yi sulɓi yana ƙyalli, guga ce, sai a duba tsayin mota da kusurwar kardan. Idan robar ta yi tauri, ta yi ƙananan tsaga ko'ina, zafi ne, sai a auna tazararta da salansa da birki. Idan yankan yana kan tudun ninki kuma ya zagaye ta, kumbura ta yi ta taɓa wani abu, kuma galibi ana ganin tabon roba a jikin ƙarfen da ta goga. Idan kuwa robar lafiya lau take amma giris na fita ta baki, ko ta zame daga mazauninta, laifin kolye ne ko na iskar da aka kulle a ciki.

Yana da muhimmanci a lura da gefen da abin ke faruwa. Robar da ke mutuwa kullum a gefe ɗaya, alhali ta ɗaya gefen na nan daram, tana nuna akwai wani abu a wannan gefen: salansa, lanƙwasasshen kardan, ko kardan da tsawonsa bai dace da motar ba. Ƙara ma na taimakawa. Ƙas-ƙas-ƙas a lokacin shan kwana alama ce gaɓar waje ta riga ta ci, jijjiga a lokacin taka totur kuma ta fi nuna ta ciki. Gaɓar da ta ci tana ƙara zafi da kanta, don haka sabuwar roba a kanta asarar kuɗi ce.

Gyaran da ke ɗorewa

Matakin farko shi ne zaɓen roba. Wadda ake cewa tana shiga kowace mota, da wadda ake tsagawa a manne da gam don gudun kwance kardan, ba su da wurin zama a motar fili. Motocin zamani da yawa na fitowa da roba mai tauri irin ta filastik a gefen taya, wadda ba ta saurin kumbura. Ta silikon ta fi jure zafi, har wajen digiri 200, amma tana da laushi, ta fi saurin yankewa. Abin da tsohuwar robar ta nuna shi zai faɗi wadda za a saya.

Na biyu giris. Gaɓa mai ƙwallaye na son baƙin giris mai sinadarin molibdenom, mai ƙafa uku kuma a yawancin motoci nata daban ne, mai ɗan ruwa-ruwa. Akwai na musamman da aka yi don zafin tsere. Adadin ma da ƙa'ida: kamfani na rubuta giram nawa za a zuba, kuma cika roba maƙil yana ƙara nauyin da ke kumbura ta.

Na uku ɗauri. Kafin a matse ƙaramin kolye, ana daidaita gaɓar ciki a tsawon da take zama idan mota na tsaye a kan tayoyinta, a ɗaga bakin robar da wani abu marar kaifi don iskar da ta yi yawa ta fita. Kolye mai kunne irin na kamfanin Oetiker na Suwizalan yana buƙatar filayarsa ta musamman, musamman a kan roba mai tauri. Waya ko igiyar filastik ba sa riƙe shi a irin wannan gudu. Wasu masu tsere na soka siririn bututu a ƙarƙashin ƙaramin kolye don iska ta riƙa fita, amma wannan dabara ta fili ce, a hanyar ƙura ƙofa ce ga yashi.

Daga nan sai a kawar da tushen matsalar: a sa farantin kare zafi tsakanin salansa da roba, a jawo iska zuwa birki, a ɗan ɗaga motar idan an sauke ta da yawa, a sauya robobin inji. Direba kuma ya yi zagaye ɗaya a hankali kafin ya tsaya, don ƙarafa su huce.

Darasi ga masu mota a gida

A Nijar ba gudun kilomita 200 ke kashe roba ba. Zafin watannin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, yashi, ƙaya, ramuka da tsufan motocin da ake shigowa da su daga Turai su ne ke wannan aiki. Amma hanyar bincike ba ta sauya ba. Duk lokacin juyen mai, a murɗa sitiyari har ƙarshe a leƙa bayan taya. Idan an ga ɗigon baƙin giris, a gyara a makon, tun gaɓar ba ta fara ƙara ba. Idan kuma roba ta yage karo na biyu a wuri ɗaya, mai mota ya nemi bakanike ya nuna masa tsohuwar, su duba ta tare kafin a sayi ta uku.