Me ya sa kiran WhatsApp ke yankewa idan mutum yana tafiya a cikin gini mai Wi-Fi?

A manyan gine-gine irin su otel, asibiti ko ɗakin karatu na jami'a, akwatin Wi-Fi ɗaya ba ya iya wadatar da ko'ina. Shi ya sa ake kafa akwatuna da dama masu suna iri ɗaya. Mai waya yana ganin suna ɗaya ne a fuskar wayarsa, amma yayin da yake tafiya wayar tana sakin wannan akwati tana kama wancan. A daidai lokacin wannan sauya sheƙa ne murya ke ɗaukewa, har na ɗaya ɓangaren ya fara "Hello? Kana ji na?"

Mai kallon YouTube ba ya lura da wannan giɓi, domin manhajar ta riga ta sauke daƙiƙoƙi da yawa na bidiyon ta ajiye. Kiran murya da wasannin intanet ba su da irin wannan ajiya. Saboda haka injiniyoyi ke ƙoƙarin ganin sauyin bai wuce milisakan 50 ba, wato kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa ɗaya.

To, ina lokacin ke tafiya? A shekarar 2003 wasu masu bincike a Jami'ar Maryland da ke Amurka sun auna kowane mataki na sauyin, suka gano cewa neman sabon akwati shi kaɗai ke cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na jinkirin. Dalilin kuwa shi ne, wayar tana lalube ne kamar mai neman tasha a rediyo. A zangon 2.4 GHz akwai tashoshi 13 a yawancin ƙasashe, a 5 GHz kuma sun fi haka yawa. Sai wayar ta bar tashar da take kai, ta leƙa wata, ta yi sallama, ta jira amsa, sannan ta wuce gaba. A wasu tashoshin 5 GHz da na'urorin hango jirage da na hasashen yanayi ke amfani da su, ba a yarda ta fara sallama ba. Dole ta yi shiru ta saurari sanarwar da akwati ke fitarwa kusan kowane milisakan 100. Duk tsawon wannan leƙe-leƙe, muryar mai kira tana jira.

Bayan an samu akwatin, saura tantancewa. A gida, inda kowa ke amfani da kalmar sirri ɗaya, saƙonni huɗu ne kawai za a yi musaya don samar da mabuɗin ɓoye bayanai. A ma'aikatu da jami'o'i kuwa, inda kowa ke da sunansa da kalmar sirrinsa, sai an tuntuɓi wata kwamfuta ta daban da ke riƙe da sunayen. Idan tana nesa, jinkirin ya ƙaru.

Hukumar IEEE mai tsara ƙa'idojin Wi-Fi ta fito da gyare-gyare uku a kan wannan. Ƙa'idar 802.11k ta shekarar 2008 ta ba waya damar tambayar akwatin da take kai jerin maƙwabtansa da tashar kowanne, don ta leƙa biyu ko uku kawai. Ita kuma 802.11r, wadda ita ma ta fito a 2008, ta kawar da maimaita doguwar tantancewa: da zarar an tantance waya a karon farko, akwatunan za su raba mabuɗan a tsakaninsu, sabon akwati ya karɓe ta a matsayin wadda aka riga aka sani. A 2011 aka ƙara 802.11v, wadda ke ba akwati damar ba waya shawarar ta koma wani da ya fi kusa ko ya fi ƙarancin cunkoso.

Shawara ce kawai, kuma a nan gizo ke saƙar. A Wi-Fi, waya ce ke da ta cewa. Wata wayar sai ta maƙale wa akwatin da ta baro a bayan bango biyu, alhali ga wani a saman kanta. Apple ya bayyana ma'auninsa: iPhone tana fara neman wani akwati idan ƙarfin sigina ya sauka zuwa -70 dBm, kuma tana komawa ne idan sabon ya fi na da ƙarfi da dB 8 lokacin da take aika bayanai, ko dB 12 idan tana zaune kawai. A Android abin ya danganta da kamfanin da ya ƙera wayar, shi ya sa mutum biyu za su bi hanya ɗaya, kiran ɗaya ya yanke, na ɗayan ya wuce lafiya.

A layin waya lamarin ya sha bamban. A 4G wayar tana auna ƙarfin turakun sabis da ke kewaye da ita ta kai rahoto, turken ne ke yanke hukunci, har ya shirya mata wuri a na gaba kafin ta iso. A 2020 ƙungiyar 3GPP ta ƙara dabarar ba waya umarnin sauyawa tun siginar tana da ƙarfi, ta riƙe shi har sai sharaɗin ya cika, don kada umarnin ya ɓace a hanya bayan sigina ta raunana.

Ga mai son haɗa Wi-Fi a gida ko shago, ƙaramar na'urar nan mai araha da ake cusawa a soket don ƙara nisan sigina ba kasafai take magance wannan matsala ba, domin da yawansu ba sa musayar bayanai da babban akwatin. Gara a nemi akwatunan da aka ƙera don aiki tare, waɗanda aka rubuta 802.11k, v da r a jikin kwalinsu. Kuma ƙure ƙarfin kowane akwati, wanda mutane ke ɗauka gata ne, shi ke sa waya ta ƙi sakin na nesa. Rage shi kaɗan ya fi amfani. Idan aka kunna 802.11r sai wata tsohuwar na'urar buga takardu ko kyamarar tsaro ta ƙi haɗuwa, ba lalacewa ta yi ba, ƙa'idar ce ba ta gane ba. A buɗe mata Wi-Fi mai suna na daban, a bar wayoyi a kan na farko.