Hanya Biyu Ta Fi Ɗaya: Tsara Sadarwar da Ba Ta Yankewa

Duk falken da ya taɓa kai shanu ko albasa Anacha ya san Gadar Neja. A da, tun daga shekarar 1965, ita kaɗai ce ke haɗa Asaba da Anacha. In mota ɗaya ta lalace a kanta, sai jerin motoci su tsaya, kaya su ruɓe. Sai a shekarar 2023 aka ƙaddamar da gada ta biyu. To, yadda motoci ke bukatar gada biyu, haka saƙon kwamfuta ke bukatar hanya biyu.

A yau cinikin 'yan'uwanmu mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu ya dogara ƙwarai a kan tura kuɗi ta waya da na'urar POS. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni, aikin bankuna ya tabarɓare. Ko da yake wayoyin huɗu ne, wuri ɗaya suka bi, saboda haka masifa ɗaya ta same su. Waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu damar juya saƙonninsu zuwa wata waya dabam.

Abin da Ya Kamata a Kiyaye

Kowace makaranta ko asibiti ko ƙungiyar 'yan kasuwa da ke shirin haɗa kwamfutocinta, ta lura da waɗannan abubuwa:

1. A kafa manyan na'urorin rarraba saƙo guda biyu, waɗanda ma'aikata ke kira suwic. Kowace ƙaramar na'ura a haɗa ta da dukkan biyun.

2. Kada a binne wayoyi biyun a rami ɗaya. Katafila mai gyaran titi ba ta tsinke ɗaya ta bar ɗaya.

3. Kowace na'ura ta sami wuta daga wuri biyu, tare da batir da janareto.

4. A ɗauki intanet daga kamfani biyu, a kuma tambaye su ko waya ɗaya suke haya. In ɗaya ce, to hanya ɗaya aka saya sau biyu.

Gargaɗi

Yawan hanya yana da nasa haɗari. Idan wayoyi suka yi zobe, saƙo yakan yi ta kewayawa yana ninkuwa har ya toshe kome. Maganin wannan wata dabara ce da Radia Perlman ta Amurka ta ƙirƙiro a 1985, ana kiranta STP. Ita ce ke rufe hanyar ko-ta-kwana, ba ta buɗe ta sai ta farko ta mutu. Tsohuwar dabarar takan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ta juya saƙo, alhali kuwa sabuwar, RSTP, wadda ta fito a 2001, 'yan daƙiƙoƙi kaɗan take bukata. A umarci ma'aikaci ya kunna ta.

Daga ƙarshe, a riƙa gwaji. A zaɓi ranar da ba ciniki, a zare waya ɗaya da gangan, a ga ko aiki zai ci gaba. Hanyar da ba a taɓa gwadawa ba, kada a dogara da ita ranar kasuwa.

Jama'a, a tuna: rigakafi ya fi magani.