Masarar da Ta Dace da Damina Irin Ta Liba

Dattawan ƙasar Kabi za su iya shaida cewa a da masara ba abincin rumbu ba ce. Abar bayan gida ce, ana ɗan yafa ta inda toka da kashin awaki suka taru, a karye ta ɗanya a gasa wa yara kafin gero ya nuna. Rumbu na gero ne da dawa da maiwa. Yau kuwa buhunan masara sun samu gurbi a kasuwar Jega kusa da na shinkafa, tuwon masara ya zauna daram a gidajen da kakanninsu ba su san shi ba, masu kiwon kaji kuma na rububinta kowace kaka. Ba ruwan sama ne ya ƙaru ba, ba kuma ƙasa ce ta ƙara ƙarfi ba. Iri ne ya canja, kuma canjin ya fito ne daga aikin shekaru da masana suka yi a Samaru da Ibadan da Meziko. Manomin Liba ko Aliero ko Maiyama yana da rabo a wannan aiki fiye da yadda ake nuna masa, kuma hana shi wannan rabo asara ce da muke jawo wa kanmu.

Tarihin bai da nisa. An kafa cibiyar CIMMYT mai binciken masara da alkama a Meziko a 1966, shekara guda bayan haka aka kafa cibiyar binciken aikin gona ta IITA a Ibadan. Kafin su, tashar bincike ta Samaru tana nan tun 1922, ita ce daga baya ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. A shekarun 1970 IITA ta fitar da wani farin iri mai suna TZB, wanda aka haɗa daga jinin masarar Afirka da ta yankin Amurka, kuma fitowarsa ta zo daidai da buɗe shirye-shiryen raya karkara na Funtuwa da Gusau da Gombe a 1975, waɗanda Bankin Duniya ya tallafa. Ga iri, ga taki mai rahusa, ga malaman gona da ke shiga ƙauye, ga hanyoyin fitar da amfani. Cikin shekara goma sha biyar masara ta mamaye ƙasar Funtuwa da Zazzau. Da cutar da ke zana wa ganyen masara fararen layuka ta addabi gonaki, masanan Ibadan suka fitar da irin da ke jure mata, aikin da ya sa aka ba cibiyar lambar yabo ta Sarki Baudouin a 1986. Yanzu Nijeriya na noma fiye da tan miliyan 10 a shekara, mafi yawansa daga Arewa. Sai dai matsakaicin abin da hekta ɗaya ke bayarwa bai wuce kimanin tan 2 ba, alhali a Amurka ya haura tan 10.

To amma TZB da 'yan'uwanta masara ce ta wata huɗu. Ta dace da Saminaka da Funtuwa, ta dace da Zuru da Yawuri a kudancin Kabi, inda damina ke da tsawo. A yankin Jega da Maiyama kuwa, ruwa kan zauna sosai ne a cikin Yuni, ya fara sallama a ƙarshen Satumba, wata shekarar ma ya yi tsaiko na mako biyu a tsakiya. Wanda ya shuka irin kwana 120 a nan caca yake yi, kuma sau da yawa shi ake ci. Wannan ne ya sa nake ganin aikin da ya fi shafar Liba ba shi ne na neman irin da ya fi kowane yawan buhu ba, a'a, na rage kwanaki ne. Wani masani ɗan Gana, Baffour Badu-Apraku, ya shafe shekaru da dama a IITA kan wannan fanni, shi da abokan aikinsa a ƙasashen Afirka ta Yamma, har aka samu masarar da ke nuna a kwana 90 zuwa 95, da wadda ta fi ta sauri mai nuna a kwana 80 zuwa 85. A lissafa: wanda ya shuka ta a ƙarshen Yuni zai karya busasshiya kafin ƙarshen Satumba, ɗanyarta kuwa ta isa gashi tun a cikin Agusta, watan da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin hatsi ya yi sama. Samaru ta gwada ire-iren nan a ƙasarmu, ta fitar da su da sunan SAMMAZ, kowane da lambarsa.

Gajeriyar damina daban, fari a tsakiyar damina daban, kuma a nan ne za a ga cewa aikin ba na sa'a ba ne. A dubi masara lokacin da ta fara goyo. A samanta akwai bununi mai zubo da garin fure, a jikin goyon kuma akwai gemun nan mai laushi. Kowane silin gemu ɗaya na haɗe ne da gurbin ƙwaya ɗaya, in garin bununi bai sauka a kansa ba, wannan gurbi zai tashi fayau. Idan ƙishirwa ta kama masara a wannan gaɓa, bununi kan fito a kan lokacinsa amma gemu ya makara, kafin ya leƙo gari ya gama zuba. Shi ya sa manomi kan ɓare goyo ya tarar da totuwa da 'yan ƙwayoyi jefi-jefi, ko da yake kara ya yi kyau. Masanan CIMMYT sun mayar da hankali sosai kan wannan tazara ta kwanaki tsakanin bununi da gemu. Sukan shuka ɗaruruwan iri da rani, su ba su ruwa, sai dab da fitar fure su ɗauke ruwan da gangan, su zaɓi waɗanda gemunsu bai makara ba, su aura su da juna, su sake maimaitawa shekara bayan shekara. Ana irin wannan gwaji a Kadawa ta jihar Kano, inda zafin bazara ke haɗuwa da ƙishirwa. Daga 2007 zuwa 2015 CIMMYT da IITA sun gudanar da shirin masara mai jure fari a ƙasashen Afirka 13, har da Nijeriya. Irin da ya fito daga nan ba ya rayuwa babu ruwa, kada wani ɗan kasuwa ya ce haka a yarda. Abin da yake yi shi ne, a shekarar da na maƙwabci ya tashi a tutar babu, shi ya ba da abin kai wa gida.

Sai ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Duk manomin tudu ya san furensa, ya kuma san cewa kafin furen ya bayyana ɓarna ta riga ta auku, domin a ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwa yana tsotsa. Tushe ɗaya kan zubar da dubun dubatar 'ya'ya ƙanana, su kwanta a ƙasa fiye da shekara goma suna jiran saiwar hatsi. Masara ba ta taso tare da ƙuduji ba, a Meziko aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, can kuwa babu shi, don haka ta zo Afirka ba ta da garkuwa. Abin mamaki, wani ɓangare na maganin daga can ɗin ya fito. A ƙarshen shekarun 1970 wani ɗalibi mai suna Rafael Guzmán ya gano wata ciyawar daji, 'yar'uwar masara, a tsaunukan jihar Jalisco. Masanan IITA suka lura cewa ƙuduji ba ya samun yadda yake so a saiwarta, suka aura ta da masara, suka yi ta tacewa. A gonakin gwaji na Mokwa da Abuja, da hannu ake zuba dubban 'ya'yan ƙuduji a kowane rami kafin a jefa iri, wanda ya tsira shi ake ɗauka. SAMMAZ 15 da SAMMAZ 27 na cikin waɗanda Samaru ta fitar da shaidar jure ƙuduji. Wace ƙaramar hukuma ce, wace jiha ce ma, za ta iya zuwa tsaunin Meziko neman ciyawa, ko ta adana nau'in masara wajen 28,000 kamar yadda CIMMYT ta yi a taskarta? Wannan shi ne dalilin da ya sa aikin ya zama na haɗin gwiwar duniya.

Akwai masu cewa duk wannan tarko ne: a raba manomi da irin kakanninsa, a mayar da shi mai sayen iri kowace shekara. Ba maganar banza ba ce, amma ta haɗa abu biyu wuri guda. Akwai irin da ake kira haibirid, kamar Oba Super da kamfanin Premier na Zariya ke sayarwa. Shi ɗan aure ne tsakanin iyaye biyu da aka tace, ƙarfinsa a haihuwar farko yake, in aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa sai gona ta fito wani dogo wani gajere, amfani ya ragu. Wannan kam sai an saya duk shekara. Amma da yawa daga cikin ire-iren SAMMAZ ba haka suke ba. Manomi zai iya zaɓar goyo masu kyau daga tsakiyar gonarsa, nesa da masarar maƙwabta, ya ajiye ya shuka har damina biyu ko uku kafin ya sabunta. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da wannan. Wanda ke da fadama da injin ban ruwa da kuɗin taki, haibirid zai biya shi. Game da irin kakanni kuwa, ba a ce a zubar ba, daga irinsa ne ma masana ke ɗebo jinin da suke aiki da shi.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta taki. Masara maciyiya ce, ba ta da haƙurin gero, kuma tun da farashin buhun yuriya da NPK ya yi tashin gwauron zabi, manoma da dama sun rage ta. Gaskiya ne, ingantaccen iri a gajiyayyiyar ƙasa ba zai nuna bajintarsa ba, kuma wanda ya ce wa mai jigawa mai rairayi a arewacin Aliero ya bar gero ya koma masara bai so shi da alheri ba. Gero ne sarkin wannan ƙasa, zai kuma ci gaba da zama. Wurin masara shi ne ƙasa mai ɗan nauyi, da gefen fadamun gulbin Zamfara, da gonar kusa da gida da ke samun takin dabbobi, da kuma noman rani a jere da albasa, inda ɗanyar masara ke da kasuwa. Amma a lura, tsadar taki hujja ce ta neman iri mai kyau, ba ta gudunsa ba. Wanda ya ci bashi ya sayi buhu biyu, ya zuba wa irin da ƙuduji zai shanye ko fari ya kama gemunsa, ya yi asara biyu. Ga kuma abin da Samaru da IITA suka daɗe suna nunawa: juya gona da waken suya ko wake ko gyaɗa na ƙara mata ƙarfi, wasu nau'in waken suya ma na sa 'ya'yan ƙuduji su tsiro su mutu don ba su samu saiwar da za su kama ba.

Batun da ya fi tayar da ƙura a 'yan shekarun nan shi ne masarar TELA. A farkon 2016 aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara a Nijeriya, baƙuwa daga nahiyar Amurka, cikin shekara biyu ta game kusan duk ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara. Manoma suka koma feshi ba ji ba gani, sau da yawa ba safar hannu ba abin rufe hanci. A Janairun 2024 gwamnati ta amince da nau'i huɗu na TELA, SAMMAZ 72T zuwa 75T, waɗanda Samaru ta yi aikinsu tare da gidauniyar AATF da wasu abokan hulɗa, kuma an sa musu ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta ƙasa da ke kashe tsutsa. Wasu na ɗari-ɗari da ita, kuma haƙƙinsu ne su nemi a rubuta a jikin buhu, a kuma ci gaba da sa ido. Afirka ta Kudu dai ta shafe fiye da shekara ashirin tana noma da cin masara irin wannan. Abin da bai dace ba shi ne a shafa wa duk ingantaccen iri baƙin jinin wannan gardama. Mai saurin nuna da mai jure fari da mai jure ƙuduji da aka ambata a baya, duk ta hanyar aure da zaɓe aka same su, wato abin da manomi ke yi tun fil azal idan ya ware goyo mafi kyau, sai dai masana sun yi shi da ma'auni da rubutu.

Inda gizo ke saƙa ba a ɗakin bincike ba ne, a tsakanin Samaru da Liba ne. Irin da aka kashe shekara goma ana tacewa na iya zama a kundin suna, manomi kuwa ya shiga kasuwa ya auni tiya daga buhun hatsi, ko ya sayi wanda aka rina da jan launi aka ce masa na kamfani ne. Malamin gona da ya kai TZB ƙauyukan Funtuwa a 1975 yau da wuya a ga ƙeyarsa. Kabi ta nuna tana iya tsayawa kan amfanin gona in ta ga dama, a Birnin Kabi aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Nuwamban 2015. Masara ba ta ma buƙatar hidima mai yawa haka. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ga hukumar raya aikin gona ta jihar, KARDA. Su karɓo nau'i huɗu ko biyar masu saurin nuna daga Samaru, su shuka su kunya da kunya da irin gida a bakin hanya a Liba da Jega da Maiyama, da taki iri ɗaya, a kira manoma ranar karya su auna da idonsu, gani ya kori ji. Irin da ya yi nasara, a horar da 'yan ƙungiyar manoma su riƙa ninka shi a nan gida. Kai kuma manomi, kafin ka miƙa kuɗinka bana, tambayi mai shago sunan irin da lambarsa da kwana nawa yake nuna, ka duba tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa a jikin ledar, sannan ka gwada shi a 'yan kunyoyi kafin ka ba shi gonarka duka.