In Injin Jirgi Ya Yi Zafi

Injin da a ke ratayawa a bayan kwalekwale ba shi da tankin ruwa irin na mota. Ruwan kogin nan da ya ke tafiya a ciki shi ya ke sha. Akwai waɗansu ƙananan kafofi a gindinsa, sama kaɗan da farfela. Ta nan ruwa ke shiga, famfo ya tura shi sama ya zagaya injin, sa'an nan ya fita. Domin matuƙi ya shaida aikin nan yana gudana, masu ƙira suka yi wata 'yar kafa a gefe, inda ruwa ke tsartuwa siriri. Ya kamata idonka ya saba da tsartuwan nan.

To, ran da ka ga ruwan ya ɗauke, ko ya koma tururi, ko kuwa ƙarfin injin ya ragu kana jin ƙaurin ƙuna, kashe shi nan take. Kada ka ce bari dai mu kai gaɓa. Gama ƙarfe in ya yi zafi kumbura ya kan yi, fistin ya kafe a ramin da ya ke kai da kawowa. Gwamma ka ɗauki filafili ka yi jinkiri, da ka tsaya a tsakiyar tafkin Kainji da mutane da kaya, gyara kuma ya cinye abin da ka samu a wata. Kada kuwa ka watsa masa ruwan sanyi, sai ya tsage.

Ka ɗaga injin ka duba kafofin nan na gindi. Sau da yawa a nan laifin ya ke: ciyawa, ko kainuwa, ko leda ta liƙe musu. Ka cire. Ka zura tsinke ko siririyar waya a 'yar kafar tsartuwa, gama laka ta kan toshe ta alhali injin lafiya lau. Ka lura kuma ko kaya sun yi yawa a gaba har gindin injin ya ɗago daga ruwa.

In duk wannan bai yi ba, sai famfo. A cikinsa akwai wata roba mai fikafikai wadda ke juyawa. Ruwa ne ke sa ta sulɓi. Saboda haka wanda ya ta da inji a tudu don ya ji ƙararsa, ko na minti 1 ne, yana iya ƙone ta, abin kuwa da samari da yawa ke yi. Yashi ma yana cinta, balle da rani sa'ad da ruwan Kwara ya janye, jirage na gogar rairayi. Robar ba ta da tsada in an gwada ta da kuɗin inji, a sake ta kowace shekara. In ka tarar fiffike ya karye, nemi guntun sai ka gan shi, domin ya kan haura ya toshe hanyar ruwa a sama.

Akwai kuma wani ɗan marufi a kan injin, wanda ke buɗe wa ruwa hanya in zafi ya kai. Jefa shi cikin ruwa a kan wuta. Mai lafiya zai buɗe tun ruwan bai tafasa ba. In ya ƙi, a sayi sabo.

Injin da a ke gauraya masa fetur da baƙin mai, ƙwauron mai ma ya kan sa shi zafi. Yawancinsu awo 1 na mai ne cikin awo 50 na fetur, watau rabin lita a tanki mai lita 25. Amma dubi abin da maƙeran naka suka rubuta a jikinsa.