Kwangilar Gwamnati Sayayya Ce, Ba Kyauta Ba

A watan Yunin 2019, makonni kaɗan bayan sauyin gwamnati a Bauchi, sabbin mahukunta suka fito da wani zargi da ya cika gari: wai gwamnatin da ta sauka ta kashe naira biliyan 2.3 cikin wata biyar wajen sayen likkafani da itacen rufe kabari. Ɓangaren tsohon gwamna Mohammed Abdullahi Abubakar ya ce an zuzuta adadin. Ba a yi shekara ba sai ga jaridu ɗauke da batun kwangilar motoci 105 ta naira biliyan 3.6 da sabuwar gwamnatin Bala Mohammed ta bayar, ana zargin kamfanin da ya samu yana da alaƙa da gwamna. Ita ma gwamnatin ta musanta.

An sha muhawara a teburan mai shayi daga Wunti har Yelwa, kowa ya tsaya bayan jam'iyyarsa. Amma da za ka tambayi masu muhawarar nawa aka sayi yadi ɗaya, ko kamfani nawa suka nemi aikin motocin, da shiru za ka ji. Matsalar ke nan. Muna jin labarin kwangila ne bayan kuɗi sun fita, kuma daga bakin abokan hamayya, alhali kwangila tana gyaruwa ko ta lalace tun tana kan takarda, kafin a aza bulo ɗaya.

Duk abin da gwamnati ta saya, daga allin makaranta da maganin asibiti zuwa gadar sama ta Wunti da injinan tace ruwa na Gubi, da kuɗin jama'a take saye. Jami'in da ya sa hannu ɗan aike ne, kamar wanda ka ba kuɗin cefane ka tura Kasuwar Muda Lawal: haƙƙinka ne ya taya, ya zaɓo mai kyau, ya dawo maka da canji da bayani. Dokokin sayayya duka ƙoƙari ne na tilasta wa ɗan aiken nan yin haka.

Najeriya ba ta daɗe da samun irin wannan doka ba. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, an yi bincike tare da Bankin Duniya kan yadda ake ba da kwangila, kuma adadin da aka fi ambatowa daga binciken shi ne kobo 60 cikin kowace naira na zurarewa ta hanyar maguɗi. A 2001 gwamnatin Obasanjo ta buɗe ofishin bin ƙa'ida da tantance farashi, wanda Oby Ezekwesili ta jagoranta. A watan Yunin 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a Dokar Sayayyar Gwamnati, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan sayayyar. Dokar ta shafi hukumomin tarayya ne, shi ya sa a cikin garin Bauchi za ka tarar da tsari biyu: Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da asibitin koyarwarta, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji suna bin dokar Abuja, ma'aikatun jiha kuwa suna bin dokar jiha da ofishinta na tantance kwangiloli. Ginshiƙan dai kusan ɗaya ne.

Ga yadda abin ya kamata ya tafi a dokar tarayya. Ba a sayen abin da ba ya cikin kasafin kuɗi. Babban aiki sai an tallata shi, a ƙalla a jaridu biyu na ƙasa, a ba masu nema lokaci. Mai nema zai kawo shaidar rajistar kamfani, da ta biyan haraji na shekara uku, da ta fanshon ma'aikatansa, ya rufe farashinsa cikin ambulan. Ranar buɗewa, a gaban kowa ake farke ambulan a karanta farashi, kuma doka ta ce a gayyato 'yan sa-ido biyu, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyar farar hula. Ba wanda ya fi kowa karya farashi ake ba kai tsaye ba, domin araha ba ta ado. Ana ba mafi sauƙin farashi ne daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa kuma aka tabbatar za su iya. Kuɗin kafin alƙalami da farko ba ya wuce kashi 15 cikin ɗari, sai Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30 ga kamfanonin cikin gida, kuma sai da lamunin banki ko na inshora. Sauran biya yana bin aiki ne, bayan injiniya ya duba ya sa hannu.

To, ta ina ruwa ke shiga? Masu wayo ba sa karya ƙofa, da makulli suke buɗewa. Mutum ɗaya zai shigo da kamfani uku, biyu su sa farashi sama da gangan, na ukun ya ci. A takarda an yi gasa, a zahiri shi kaɗai ya yi tsere. Ko a yanka babban aiki gunduwa-gunduwa, kowane yanki ya tsaya ƙasa da adadin da zai sa a tallata ko a kai shi gaban hukumar sama. Ko a zauna kan aiki har lokaci ya ƙure, sannan a ce na gaggawa ne, a miƙa wa ɗan lele ba tare da gasa ba. Ko a yi aringizo tun a lissafin kayan aiki, a rubuta rodi da simintin da ginin ba zai taɓa ci ba.

Wadda ta fi cutar da mu a nan ita ce sayar da takardar kwangila. A ɗauka, a misali, an ba wani jigon jam'iyya ginin azuzuwa na naira miliyan 30, shi kuwa bai taɓa riƙe cebur ba. Sai ya cire miliyan biyar ya sayar da takardar. Wanda ya saya ya ware na masu sa hannu da na mai duba aiki, ya cire ribarsa, ya damƙa ragowar ga magini. Shi magini ba zai kawo kuɗi daga gidansu ba: zai ƙara yashi a bulo, ya rage kaurin rodi, ya sa kwano mai shara-shara. Iskar farkon damina ta yaye rufin, yara su koma ƙarƙashin bishiya, a kasafi na gaba a sake ware kuɗin kwaskwarima. Jama'a sun biya sau biyu, sun samu rabin aiki.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan kwangila na gaskiya yana da nasa kukan. Ya ci bashin banki ya gama aiki, sai takardar biyansa ta yi wata da watanni tana yawo daga tebur zuwa tebur, ruwan bashi yana cin ribarsa. Dokar tarayya ta ce biyan da ya wuce kwana 60 jinkiri ne da ya cancanci a ƙara masa ruwa, amma wa ke son yin faɗa da mai ba shi aiki gobe? Ga kuma tashin farashi. Daga janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500, buhun simintin da ake saye kusan 5,000 ya kai 10,000 a wasu wurare a farkon 2024. Wanda ya sa hannu a tsohon farashi, ko dai ya nemi ƙari, ko ya yi algus, ko ya gudu. Neman ƙarin halas ne idan da hujja, amma ta wannan kafa ce kuma ake ninka kuɗin aiki ba tare da sabuwar gasa ba. Sannan kowace sabuwar gwamnati ta fi son aza harsashin nata aikin a kan kammala na wadda ta gada. Duk wanda ya san haka zai sa kuɗin jira da na fargaba cikin farashinsa, gwamnati ta riƙa sayen kaya da tsadar da ba ɗan kasuwar da zai yarda da ita.

Ba hukunci aka rasa ba. Dokar 2007 ta tanadi ɗaurin shekara biyar zuwa goma ga mai haɗa baki ko yanka kwangila don kauce wa ƙa'ida. Kamfani kuma a hana shi aikin gwamnati na a ƙalla shekara biyar, ya biya tarar kashi 25 na kuɗin aikin. Aiwatarwa ce ta yi ƙaranci. Hatta majalisar ƙoli ta sayayya da dokar ta ce a kafa, an kwashe fiye da shekara goma ba a rantsar da ita ba.

Duk da haka, akwai abin da ya motsa. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, da ya fara a 2018, ya ɗaura tallafinsa ga jihohi da sharuɗɗa irin su gyara dokar sayayya, neman kwangila ta intanet, da wallafa kwangilolin da aka bayar. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa na cikin jami'o'i shida na ƙasar nan da ke da cibiyar SPESSE, inda ake horar da jami'an sayayya, aikin da a da ake ɗora wa duk wanda aka ga dama a ofis. Hukumar ICPC ta fara bin sawun ayyukan mazaɓu tun 2019, masu shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT suna zuwa ƙauyuka su duba, jaridar WikkiTimes da ke nan Bauchi tana tono. A ƙasar Yukren, manhajar ProZorro ta sa tun 2016 kowa na iya ganin wanda ya nemi aiki da farashin da ya sa. Wannan ba sihiri ba ne, shawara ce ta daina ɓoyewa.

Saura namu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardun aiki ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma a amsa masa cikin kwana bakwai. Jihohi sun daɗe suna cewa ba ta hau kansu ba, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilun 2025 cewa ta hau. Hukuncin da kotun ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi ya ƙara nauyin wannan, domin a ƙananan hukumomi 20 na jihar ne ake ba da kwalbati da burtsatse da ɗakin shan magani, ayyukan da ba ɗan jaridar da ke leƙawa.

Don haka idan aka sauke yashi a unguwarku, kada ku jira ranar yanka ƙyalle. Kwamitin makaranta, ko ƙungiyar matasa, ko mai unguwa da liman, su nemi amsar tambaya huɗu a rubuce: wane kamfani aka ba, a kan nawa, me aka ce ya gina, yaushe zai gama. Su ɗauki hoto tun daga harsashi. Wanda ya yi aiki mai kyau a yaba masa, amma a tuna cewa saye aka yi, kuma mai saye ba ya roƙon a nuna masa rasit.