Ƙaramar sakandare a bakin Kainji: a ina sakamako ke lalacewa?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare ya fito, iyaye su ga laifin malamai, malamai su ga na iyaye. Alhali a ƙananan makarantun gwamnati na ƙasar Yauri, daga Shanga har Wara ta Ngaski, tun a aji ɗaya ake yin asarar.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara kyauta ce kuma dole: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Sai dai dokar ta tura yaro gaba ne kawai, ba ta tambaya ko ya iya karatu. Ɗan Gungawa ko na Kambari da yarensa ya tashi a gida, Hausa yake yi a kasuwa, ga littafin kimiyya kuma da Turanci. Zai kwafe allo tsaf da rubutu mai kyau, a ce ya karanta abin da ya rubuta ya yi tsuru-tsuru. Malamin da aka ɗora wa darasi biyu ko uku, yaushe zai tsaya koyar da baƙi da wasali? Manhaja yake bi, ɗalibai na binsa da ido.

Sannan ga zuwa makarantar. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta tashi mutum sama da 40,000, kuma har yau akwai ƙauyukan gaɓa da gungu waɗanda sai da kwalekwale ake fita. Lokacin kamun kifi, girbin shinkafa, cirar albasa, ranar kasuwa, kowanne yana yankar rabonsa daga zangon karatu, balle yanzu da ramin zinare ke jan samari. Tun harin da aka kai kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni, 2021, uban da ya hana 'yarsa doguwar tafiya ba a ce masa ya yi wauta.

Tsaro da ɗaukar malamai aikin gwamnati ne, a ci gaba da matsa mata. Amma ware zangon farko na aji ɗaya don koyon karatu zalla, wannan shugaban makaranta da kwamitin iyaye za su iya tsarawa. Kai kuma mai ɗa a makaranta, yau da dare miƙa masa littafinsa ya karanta maka shafi ɗaya da ƙarfi, kada ka jira sai jarrabawa ta gaya maka.